Akwatin Agajin Gaggawa: Abin da Hannu Zai Taras Kafin a Kai ga Likita

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a kan wani bawan Allah da tsautsayi ya rutsa da shi, ko yaro ne da tafasasshen ruwa ya kwarare masa a ƙafa, ko manomi da lauje ya zame ya datse masa yatsa, ko kuwa ɗan acaɓa da mota ta yi jifa da shi gefen kwalta, ya san akwai wani ɗan lokaci tsakanin aukuwar abin da isa gaban likita wanda a cikinsa babu asibiti, babu malamin asibiti, babu kowa sai mutanen da Allah ya hukunta suna wurin da kuma abin da hannunsu ya iya kaiwa gare shi. A cikin birni wannan lokaci yakan zama rabin sa'a. A ƙauyen da ke hayin rafi, tsakiyar damina, yana iya cinye yini guda. Abin da aka yi wa mai rauni a cikin wannan ɗan taƙi kuwa, sau da yawa shi ne yake zama sanadin ko miki ya kame cikin mako biyu ko ya ruɓe ya zama gyambo, ko a kai mutum asibiti da sauran jini a jikinsa ko a kai shi bayan ya tsiyaye.

Mutanenmu ba su rasa tausayi ba, ba su kuma rasa zafin nama wajen kai ɗauki ba. Abin da yake cutar da mu shi ne, hannun da ya firgita ba ya zaɓe, abin da ya fi kusa da shi kawai yake ɗauka: a garejin bakanike a shafa baƙin mai, a madafa a fasa ƙwai ko a zuba manja, a gona a dumbuzo ƙasa a toshe rauni da ita, kowa da kyakkyawar niyya, alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan wata sabuwar cuta ce aka ɗora a kan ta farko. A ganina babbar fa'idar akwatin agajin gaggawa ke nan, wato a zauna cikin natsuwa, ranar da ba abin da ya faru, a tanadi abin da ya dace a ajiye shi kusa, domin ranar da hankali ya tashi abin da ya fi kusa da hannu ya kasance shi ne daidai. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya zaci tanadi irin wannan yana warware tawakkali, domin malamai sun lissafa kiyaye rai a cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya, sun kuma karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya kore dogaro ga Allah. Malaman sira sun ruwaito labarin Rufaida, wata baiwar Allah daga ƙabilar Aslam, wadda take da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, har lokacin da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kwantar da shi a hemarta domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shi kuwa tsarin agajin gaggawa da muke gani a yau, a ƙasashen Turai ya girma. Wani attajirin Suwizalan, Henri Dunant, ya ga dubban sojoji yashe cikin jini ba mai kula da su bayan yaƙin Solferino a 1859, abin da ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a Janiba a 1863; a 1877 aka kafa ƙungiyar St John a Ingila don koya wa ma'aikata da talakawa taimakon farko; a 1888 kuma kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya fara sayar da akwatunan agaji da aka harhaɗa musamman don leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa nesa da likita. A nan gida an kafa Red Cross ta Nijeriya da doka a 1960, ga kuma 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda kowa ya saba ganinsu da kakinsu a filin idi da sansanin alhazai.

Shi kansa akwatin ba ya bukatar wani tsada. Robar abinci mai murfi mai kamawa, ko ƙaramar jaka mai zif, ta wadatar, muddin ƙura da laima da kyankyaso ba za su shiga ba. Sharaɗinsa biyu ne, kuma sukan yi karo da juna: ya yi nisa da hannun yara, ya kuma yi kusa da hannun manya. Saman kwaba ko ƙusa a bango sama da tsayin yaro ya fi ƙarƙashin gado, kuma kuskure ne babba a garƙame shi da kwaɗo maigida ya tafi kasuwa da mabuɗi a aljihu, tun da yake haɗarin gida yakan auku da rana, lokacin da mata da yara ne kaɗai a ciki.

Abu na farko da ya wajaba a tanada shi ne kayan tsayar da jini, domin jinin da ke jikin baligi bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma idan babbar jijiya ta tsinke ana iya rasa mutum cikin 'yan mintoci. A sa safar hannu ta roba kamar ƙafa huɗu ko biyar, da ƙyallen nan mai raga-raga da ma'aikatan jinya ke kira goz, wanda yake zuwa a like cikin takarda ba ƙwayar cuta a jikinsa, manya da ƙanana, da naɗin bandeji iri biyu, mai laushi da mai talewa, da filasta ta naɗi da ta ɗaiɗai, da almakashi. Safar hannu ba ƙyama ba ce ga ɗan'uwa Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, duk suna bin jini, mai agaji kuwa yana da iyali da zai koma wa. In ba safa, leda mai tsabta a zura hannu a ciki ta fi babu.

Yadda ake aikin kuwa ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri, wanda shi ne abin da ya fi ƙaranci a irin wannan sa'a. A ɗora goz a bakin raunin, a danna da tafin hannu da ƙarfi, a ci gaba da dannawa minti goma cur ba tare da an ɗaga don a leƙa ba, saboda duk ɗagawa tana ɓalle ɗan gudan jinin da jiki ya fara ƙullawa. In jini ya jiƙe ƙyallen farko, kada a cire shi, a ɗora wani a kai a ƙara dannawa, sa'an nan a naɗe da bandeji daidai yadda zai riƙe amma yatsu ba za su yi sanyi ko su yi baƙi ba. In wuƙa ce ko ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki, ba a zare shi, domin mai yiwuwa shi ne ya toshe jijiyar. A tattare shi da ƙyalle ta gefe da gefe a tafi da shi haka. Ɗaure gaɓa tamau daga sama yana da muhallinsa, wato inda jini ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa dannawa ta kasa tsayar da shi, amma wannan aiki ne da ya kamata a koya a gaban malami, kuma wanda ya ɗaura lalle ya rubuta lokacin da ya ɗaura ya shaida wa likita.

Ƙaramin rauni kuwa, irin ƙujewa da yankan reza da tuntuɓe, babu maganin da ya fi masa ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke har ƙasa da tsakuwa su fita, a shafa aidin, a rufe. Auduga tana da amfani wajen goge gefen rauni, amma ba a liƙa ta a kan buɗaɗɗen miki, don zarenta yakan manne ya zama wahala ranar wanki. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a tsakaninmu wadda nake roƙon a bari, ta ɓare kafso a barbaɗa garinsa a kan rauni: ba don haka aka yi shi ba, ba ya hana ruɓa, kuma irin wannan wasa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta yana cikin abin da ke sa su daina aiki ranar da ake matuƙar bukatarsu. Ƙasa da toka da kashin dabbobi kuwa, a cikinsu ne ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take zaune, shi ya sa duk wanda ƙusa ta soke shi ko fartanya ta sare shi ya kamata ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi, ko da raunin bai kai ƙwayar gero ba. Cizon kare shi ma sabulu da ruwa ne farkonsa, a yi ta wankewa har minti goma sha biyar, sa'an nan a garzaya neman allurar haukan kare a ranar, domin ciwon in ya bayyana ba a tashi.

A sa matsefata don ƙaya da sartse. A kuma sa ƙyalle mai kusurwa uku guda biyu, wanda kowace mace mai keken ɗinki za ta iya yi, ta sami farin yadi mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ta raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Da shi ake rataye karyayyen hannu a wuya, da shi ake ɗaure kai, da shi ake ɗaure katako ko kara a jikin ƙafar da ta karye don kada ƙashi ya motsa a hanya. Wanda ya faɗo daga bishiya ko aka ciro daga mota yana kukan wuya ko baya, ba a ciccibarsa hannu da ƙafa a jefa bayan a-kori-kura, sai a tallafe kansa daidai da jikinsa a ɗora shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, domin wasu da suka shanye ba haɗarin ne ya shanyar da su ba, ɗaukar da aka yi musu ce.

Mas'alar ƙuna ita ce wadda na fi son a tsaya a kanta, domin a cikinta ne aka fi yin ɓarna da sunan magani, kuma yara ne suka fi shan wuyarta, musamman da hunturu lokacin da ake kewaye wuta ana ɗora ruwan wanka. Maganin ƙuna na farko ba ya cikin akwati, yana cikin randa. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan wurin har tsawon minti ashirin, in akwai famfo a tara, in babu a sa mutum biyu, ɗaya yana tsiyayawa da buta ɗaya yana cika wata, saboda zafin da ya shiga fata yana ci gaba da dafa naman da ke ƙasa ko bayan an janye daga wutar, ruwa ne kuwa kaɗai ke zare shi. Ana cikin haka a cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, a yanke riga da almakashi, amma inda tufa ta manne da fata a bar ta. Bayan nan a rufe da farar ledar nan mai laushi da ake naɗe abinci da ita, a shimfiɗa ta ba tare da an matse ba, ko da ƙyalle mai tsabta marar gashi. Naɗi guda na wannan leda ya cancanci wuri a cikin akwati. Ƙwai da manja da man goge haƙora da baƙin mai duk suna tsare zafi a ciki, suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma idan an isa asibiti dole sai an kankare su daga kan ɗanyen nama kafin a ga zurfin ƙunar, azabar da duk uwar da ta taɓa riƙe ɗanta ana yi masa ba za ta so a maimaita ba. Bororo ba a fasa shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska ko hannu ko al'aura, ko ta lantarki, ko kowace iri a jikin jariri, ta asibiti ce ba jayayya.

Daga nan sai abin da ya fi kome araha a cikin akwatin, wanda kuma watakila ya fi kome ceton rai, wato ƙunshin gishiri da sukari da ake kira ORS. Gudawa galibi tana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar masa da ruwan jiki, hikimar wannan haɗi kuwa ita ce sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, ko da cikin yana tsaka da ɓaci. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama wannan haɗi a manyan durom 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi, mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. A ajiye ƙunshi biyar ko shida. Yawancinsu ana zuba ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, amma a karanta jikin takardar. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba, ba a kuma daina ba shi nono. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. In ƙunshin ya ƙare, a lita guda a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, domin gishiri in ya yi yawa illa ne. Tare da shi a tanadi ƙwayar zinki, wadda ake ba yaro kullum har kwana goma zuwa sha huɗu. Yaron da idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko ake ganin jini a bayan gidansa, a tafi da shi ana ba shi ruwan a hanya.

Game da sauran magunguna ra'ayina shi ne a taƙaita, domin akwatin agaji ba kemis ba ne. Farasitamol na manya da na ruwa don yara, da ma'aunin zafin jiki, sun isa mafi yawan gidaje. Baligi ba ya wuce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, ba ya maimaitawa kafin sa'a huɗu, ba ya kuma haura ƙwaya takwas a yini da kwana, saboda abin da ya wuce haka yana lalata hanta, kuma a lura da cewa magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Zafin jiki da ya kai digiri 38 zazzaɓi ne, a ƙasarmu kuwa zazzaɓi yana neman gwajin cizon sauro, ba canke ba. Idan zafi ya sa yaro jijjiga, ko mai farfaɗiya ya faɗi, a kawar da abin da zai buge shi, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a ɗura masa kome, ruwa ne ko jiƙo ko rubutu, sai ya farfaɗo sarai, don abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Gidan da ke da mai asma ko mai ciwon sukari ko mai sikila, sai a nemi shawarar likitansa a kan abin da za a ƙara.

Akwai kuma wurare biyu da akwatin ba shi da abin bayarwa sai kaɗan, inda agajin gaskiya shi ne kame hannu da gaggawar tafiya. Na farko yaron da ya sha kananzir, wanda galibi a kwalbar lemo ya same shi: ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, saboda haɗarin kananzir yana wajen shigarsa huhu, amai kuwa hanya yake buɗe masa. Na biyu saran maciji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, ta kuma sa shi a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017. Manoma da makiyayan ƙasar Gombe da Filato da Taraba sun san kububuwa, asibitin Kaltungo kuma ya shahara da jinyar waɗanda ta sara. Dafinta yana hana jini daskarewa, saboda haka tsagar da ake yi da aska don a fitar da dafi ƙofa ce ake buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba. Ɗaurin tamau yana kashe gaɓa har a kai ga yanke ta. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da kome sai ɓata lokaci. Abin yi shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire masa zobe da takalmi, a ɗaure gaɓar da kara sako-sako yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi kada ya taka, kada a ba shi asfirin ko dangoginsa, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi ko da yana cewa ya ji sauƙi, domin kububuwa takan bar mutum yana hira yau, gobe jini ya ɓalle masa ta dasashi. Ya kamata mutanen kowane ƙauye su san wane asibiti ne wannan tun kafin damina ta faɗi.

Saura 'yan ƙananan abubuwa da ba a tunawa da su sai an rasa: tocila da batir, sabulu, da takarda a manne a cikin murfi ɗauke da lambar wayar malamin asibiti mafi kusa da ta wani mai mota ko mai a-daidaita-sahu da zai amsa kira da tsakar dare, da ɗan kuɗin mota a ƙulle wanda aka yi alkawarin ba za a taɓa shi don cefane ba. A Nijeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra a kan hanya kuma 122. Yana da kyau mai kai ɗauki ya san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Akwatin da aka cika aka manta da shi amana ce da aka tozarta. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali cikin motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya fi ɗaki zafi nesa ba kusa ba, har gam ɗin filasta ya narke, safar hannu ta riƙa yagewa da an ja ta. Saboda haka akwatin mota a cika shi da bandeji da goz da ƙyalle, a rage masa ƙwayoyi, a kuma fi yawan duba shi. Na gida a buɗe shi sau biyu a shekara, farkon damina da shigowar hunturu, a duba ranar lalacewar kowane magani da lambar NAFDAC, a mayar da abin da aka ɗiba. Ranar da za a yi wannan dubawa a tara mutanen gida, uwargida da amarya da manyan yara har da almajirin da ke yi musu aike, a sa kowa ya naɗa bandeji a hannun ɗan'uwansa, ya auna gishiri da sukari da kansa. Masu unguwa da limamai da shugabannin tasha da na makarantun Islamiyya kuwa suna iya gayyato rassan Red Cross ko 'yan agaji su koyar da abin da takarda ba ta iya koyarwa, irin danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya da fitar da abin da ya shaƙe yaro, a ware wa mata nasu zaman da malama mace.